Tsinken da Na Gyara wa Shef

Na sha wahala iri-iri, amma ranar da na gyara tsinken shef, wato shugaban garejinmu, ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Wata uku ina zarya tsakanin garinmu Tibiri da Dogon Dutsi kafin a ɗauke ni aiki a wani gareji can Dogon Dutsi, shekarun nan da Nasara suka bar mana mulki. Ni ɗan maƙera ne, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko.

Shef ɗinmu tsohon soja ne, can ya koyi kanikanci. Yana da wani tsinken ƙarfe kamar ɗan yatsa, kullum naɗe cikin tsumma. In dutsen washi na inji ya karkace, sai ya goga masa bakin tsinken ya daidaita sumul, sannan a wasa ƙarafan mota waɗanda ba su son kuskure ko na gashi guda. Bai taɓa gaya mini sirrin abin ba. Har gobe ina cewa rabin laifin nasa ne.

Rannan ya tafi cin abinci ya bar shi kan tebur. Na duba, baki a dakushe, ga wata 'yar tsakuwa maƙale, ba ta kai ƙwayar gero ba. A gidanmu abin kunya ne maƙeri ya ga ƙarfe ya dakushe ya wuce. Na sa shi wuta har ya yi ja, na dake shi da masaba, na fitar masa da tsini kamar allura.

Da ya dawo na miƙa masa, ina jiran yabo.

"Shef, ga shi, na gyara maka."

Ya juya shi, ya sake juyawa. "Ina dutsen?"

"Tsakuwar? Ai na fidda ta."

"Tsakuwa! Lu'ulu'u ne, ɗan maƙera! Shi ke cin dutsen washin, ba ƙarfen ba! In ba ka samo shi ba, kar in sake ganin ƙafarka nan."

Na ruga masaukinmu na ɗauko rariyar matata. Tun azahar nake tankaɗe toka har la'asar sakaliya, direbobi na tsaye suna tambaya ko tuwon toka za a yi. Duk abin da ya yi ƙyalli in kai wa shef, ya ce yashi ne. Ban samu ba.

Tun ranar na san abin da ba ka san aikinsa ba, tambayi mai shi kafin ka ce ya lalace.

Washegari na kama hanyar Tibiri. Ashe labari ya riga ni isa. Tsohona yana bakin wuta, ko kai bai ɗaga ba, ya turo mini wata tsohuwar fartanya da ƙafa.

"Wannan babu lu'ulu'u. Daka."