Gaisuwar da Na Ƙi Amsa wa Baba Dogo

Yau shekara bakwai da rasuwar Baba Dogo, kuma abu ɗaya nake cewa da ma ban yi ba: kwana tara na yi ina ƙin amsa gaisuwarsa.

Baturen ƙasar Ayalan ne, shugaban magina a kamfanin da nake wa tuƙi a Doha. Kullum ni ke ɗauko shi daga unguwar Ain Khaled. In hanya ta cushe, sai ya kama labarin wani tsibiri a tsakiyar tafkin garinsu. Ba kowa a cikinsa sai kangayen coci-coci, da maƙabartar da ake kai gawa a kwalekwale, da wata hasumiya marar rufi. Kakarsa ta ce masa wata mata ce ta wuce magina ba ta sa wa aikinsu albarka ba, babban magini ya yar da guduma, gini ya tsaya har yau.

Na ce, "Ashe ku ma kun san sannu da aiki?" Nan take ya ce in koya masa. Daga ranar ba leburan da zai wuce bai ce masa "sanu da aki" ba, har 'yan Nepal.

"Baba, Hausarka ma ba ta da rufi," in ji ni.

"Yalla, mu tafi, Alhaji, dubi hanya," in ji shi.

Wata rana ya yi mini faɗa a gaban leburori saboda na yi gudu da mota cike da mutane. Gaskiyarsa ce. Amma girman kai rawanin tsiya. Kullum in ya shigo mota ya gaishe ni, sai in yi kamar ban ji ba. Bai fasa ba ko sau ɗaya. Rana ta tara ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, aka ce zuciya ce.

Yanzu in na ga dogayen gine-ginen da suka cika garin nan, sai in ce da yana nan da muryarsa ta dushe don gaisuwa. Ban san ko tsibirin aka kai shi ba. Kunya ta hana ni tambaya, ga shi ina marmarin ganin wurin kamar garinmu ne. Abin da ya bari kuwa, har yau akwai leburorin da ke gaisuwar nan ba su san mafarinta ba.

Mai karatu, don Allah kada ka yi irin tawa. Yi fushinka, amma ka amsa gaisuwa. Tawa amsar tana bakina, mai ita ya tafi.