Ranar da F5 Ta Ɓoye Shaidar Baba Garba

A duk shekarun da na yi ina gyaran kwamfutocin ofisoshi a Bagudo, akwai wata Laraba ta cikin damina da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina mataki na bakwai a aikin gwamnati, kuma ni kaɗai ne ma'aikacin da ake turawa duk inda na'ura ta ƙi aiki.

Wata kotun shari'a da ke yankinmu ta samu laftof, irin na hannun nan da ake shigowa da su ta iyakar Benin, maɓallanta ma na Faransanci ne. Magatakardan kotun, wato mai rubuta duk abin da aka faɗa a gaban alƙali, shi ne Malam Hassan, dattijo mai tsantseni. Ƙwayoyin cutar da ke biyo filash sun sha cinye masa takardu, don haka na cire manhajar da ke kanta na sa masa Linux. Ita wannan manhaja kyauta ce, kowa na iya duba cikinta ya gyara, kuma cututtukan nan ba su cika kama ta ba. Ni na ba da shawarar, ni na sa hannu a takardar miƙawa.

Wajen sha biyun rana Malam Hassan ya kira ni a waya.

"Malam Sani, na'urarka ta mutu. Gilashin ya yi baƙi ƙirin. Bari in cire batir in mayar."

Na ce, "Ka adana abin da ka rubuta?"

"Tun safe ban adana ba."

"To, don Allah ɗauke hannunka daga kanta. Kada kowa ya taɓa. Ga ni nan."

Na hau mashin. Da na isa na tarar da kotu a tsaye. Shari'ar iyakar fadama ce tsakanin wani manomin Zagga da Alhaji Mamman na Bahindi. Babban mai shaida, Baba Garba, tsohon masunci ne da ya zo daga tsallaken iyakar ƙasa cikin kwalekwale. Da Dandanci ya yi magana, tafinta na juyawa, sama da awa biyu. Yana gamawa aka sallame shi saboda jikinsa, ya kama hanyar bakin ruwa. Shaidarsa ta fi karkata ga Alhaji Mamman, shi ya sa Alhajin ke tsaye yana huci.

"Allah gafarta Malam, mun san irin wagga dabara! Sai da tsoho yat tafi sannan na'ura za ta mutu? An dai shafe maganatai!"

Malam Hassan ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya tsufa a aikin nan ba a taɓa zarginsa ba, ga shi ana nuna shi da yatsa a gaban jama'a. Alƙali ya tsawatar, sannan ya dube ni.

"Kai ne ka kawo muna wannan sabon abu. Mi za ka ce?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni minti goma."

Ban fara da taɓa komai ba. Na kara kunne, na ji fanka na juyawa. Ƙaramar fitilar gefe tana ci, amma ta koma ja, alamar batir ya kusa ƙarewa, ga shi babu wuta. Na tambayi Malam Hassan abin da ya danna na ƙarshe. Ya ce alƙali ya nemi a karanto shafi na uku, shi kuwa ya saba a tsohuwar kwamfutarsa F5 ke kai shi shafin da yake so. Ya danna bai ga komai ba, ya yi ta dannawa har gilashi ya mutu.

Nan na gane. Jerin maɓallan sama na laftof, daga F1 zuwa F12, aiki biyu kowannensu ke yi. A wannan na'urar F5 rage haske take yi, sai an haɗa da maɓallin Fn take yin aikin da ya sani. Ya rage hasken ne har ya ƙare. Na danna F6 mai ƙaro haske, shiru. Linux tana jin ta ragewa, ba ta jin ta ƙarawa.

Na sa aka rufe tagogi, na kunna tocilar wayata, na kara ta a jikin gilashin a karkace. Sai ga rubutu dishi-dishi, layi bisa layi.

"Alhaji, matso ka gani da idonka."

Ya matso, ya ƙura ido. Ba ya karanta boko sosai, amma ya gane sunansa. Kafin komai na danna adanawa, na kwafe a filash. Sannan na bi kibiyar nuni ta kan gilashin da hasken tocila har kusurwar da ma'aunin haske yake, na ja shi sama. Gilashi ya washe. Malam Hassan ya karanta shaidar tun daga farko, tafinta na gyaɗa kai, ba a rasa ko kalma ba. Yana kai aya batir ya ɗauke.

Alƙali ya ce, "Alhaji Mamman, ka zargi bawan Allah a gaban mutane. A gabansu za ka nemi gafara."

Alhajin ya cire hula, ya riƙe hannun Malam Hassan da hannu biyu. "Malam, ka yafe min. Zuciya ce."

Washegari na ɗauko laftof ɗin zuwa ofis. Na buɗe manhajar da ke nuna duk maɓallin da aka danna, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar F6 ce kaɗai ba ta isar da saƙo. Na ƙara layi ɗaya a fayil ɗin da na'ura ke karantawa lokacin tashi, wanda ke gaya mata ta wace hanya za ta sarrafa haske. Na sake kunnawa, F6 ta kama. Na shiga saitin uwar na'ura na juya jerin saman, ya zama sai an riƙe Fn haske ke motsi. Na kuma sa ta riƙa adana rubutu da kanta duk bayan 'yan mintoci.

A rahotona ga shugaban sashe na rubuta gaskiya: na gwada firinta da sauti kafin miƙawa, ban gwada jerin sama ba. Ya karanta ya ce, "To a mayar musu da tsohuwar manhajar mana." Na ce a'a, matsalar an gano ta, an kuma rufe ta. Ya bar ni da ita, kuma na'urar ta yi shekaru a kotun nan ba a sake kirana a kanta ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga abin da na ɗauka. Kada ku miƙa na'ura sai kun danna kowane maɓalli da yatsanku. In an kira ku, ku fara da tambayar me aka taɓa na ƙarshe, ku kuma tambaya cikin ladabi, don mai jin kunya ba ya faɗin gaskiya duka. Wanda ke zaune gaban na'urar ya fi ta saurin lalacewa. Ita ana sake mata manhaja cikin awa ɗaya, shi kuwa in sunansa ya ɓaci a garin nan, babu fayil ɗin da za ku buɗe ku gyara.