Matar da ke Harhaɗa Suna

A wani buro, wato ofishin aikin gona, a Konni, Alkasum, mai auna ruwan sama a Bazaga, yana tsaye yana murza hularsa. Sai an ga ruwan da garinsu ya samu bara kafin a ba su iri, ga shi gara ta cinye littafinsa.

Matar da ke gaban kwamfuta siririya ce, tabaraunta ɗaure da zare, lallen yatsunta ya koɗe.

"Baba, wane gari? Wace shekara?"

Ya ce Bazaga, bara, wato 96. Ta buga RUWA daban, BAZAGA daban, 96 daban. Na'urar ta ɗinke su suka zama suna guda, sai ga ruwansu duka, har yayyafin ranar Sallah.

"Ikon Allah! Ɗiyata, ina kika ajiye sunan nan?"

"Ban taɓa rubuta shi ba, Baba. Garuruwan sun yi yawa. Na koya mata ta harhaɗa sunan da kanta, ta kira, abin ya amsa."

Alkasum ya kasa ɗauke ido daga yatsun. A ransa yana cewa ƙila 'yar fari ce kamarsa. Shekara hamsin innarsa ba ta taɓa furta sunansa ba don kunya, kuma ba ta taɓa kira bai zo ba.