Hayaƙin Taya da Shirun Mahaifiyata

A shekarun da aka buɗe siyasar jam'iyyu, yajin aiki ya zama ruwan dare, albashi kuma sai an ga dama, ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Maraɗi, ina zaune a gefen unguwar Zariya da matata da yara huɗu. Mutum ne ni mai ji da kansa, mai goge riga ko da tukunya ba ta hau murhu ba. Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko mahaifiyata daga Tibiri, na ba ta ɗakin ƙurya, jikin katangar baya. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma duban idona ta yi mini magana. In tana da saƙo, ta bakin matata yake biyowa.

Da wata ya bi wata babu albashi, wani mahauci a Sabon Gari, uban ɗalibina, ya fara ba ni kawuna da ƙafafu da fatun shanu ina babbakewa. Itace ya yi tsada, tsofaffin tayoyi kuwa masu faci neman kai suke da su. Akwai filin babbaka a bayan gari, amma girman kai ya hana ni zuwa, kada iyayen yara su ga malam da baƙar fuska. Sai na haƙa rami a kangon bayan gidana, ina hura wuta da an sallame sallar asuba. Tsakanin ramin da tagar tsohuwa bai fi taku goma ba.

Da bazara da damina ban ga illa ba, iska na kwashe hayaƙin ta yi sama da shi. Da ɗari ya shigo sai abin ya canza. Hayaƙin ya ƙi tashi, sai ya tsallako katanga ya kwanta a tsakar gida kamar bargo har hantsi, ya haɗu da na bolar da ake ƙonawa da na murhun maƙwabta. Koko in an ajiye shi sai ka ga baƙi-baƙi a kansa. A nan tsohuwa ta fara tari. Wata rana matata ta ce Inna na tambaya ko iskar gari ce ta juya bana. Wallahi na gane nufinta, amma na ce sanyi ne ya kama ta. Na toshe tagar da tsummoki, na sa aka riƙa shigar mata da kaskon garwashi, na ƙara mata wani hayaƙin a kan na farko.

Maƙwabcina, wani ma'aikacin jinya Kirista ɗan Tibiri wanda ya san ta tun yana yaro, ya same ni a zaure ya ce hayaƙin taya guba ne, a ƙirji yake taruwa, tsofaffi da yara yake fara kayarwa. Na ce masa wanda ake biya duk wata ba zai san zafin yunwa ba. Ga shi kuwa lokacin har an fara sakin albashi, ni ne dai na ɗanɗana kuɗin babbaka na ƙi saki. Daga baya tsohuwa ta aiko cewa tana son a kai ta Jiratawa wurin ƙanwarta, wai ta yi kewarta. Na ce a bari ɗari ya wuce, don kada dangi su ce na kasa riƙe uwata.

Wata safiya ina juya fata a kan wuta matata ta shigo kangon ba takalmi. Na bi ta ciki da gudu, na tarar da tsohuwa zaune ta dafa ƙasa, tana jan numfashi da ƙyar, leɓɓanta sun yi duhu. Maƙwabcin da na gaya wa baƙar magana shi ya samo motar da ta kai mu asibiti. Likita ya tambaya ko kusa da wata wuta take kwana, na sunkuyar da kai. A rana ta uku ta buɗe ido, ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kashe wutar ga," ta ce. "Akwai ɗiya ƙanana cikin gidan."

Kafin la'asar ta cika. Bayan an kai ta makwancinta, da hannuna na cike ramin.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma sababi a hannuna ya biyo, kuma wannan nauyi ba ya sauka. Ina roƙon masu ƙona taya da leda da shara a cikin unguwa, musamman da ɗari, su leƙa su ga wa ke kwance bayan katanga. Mai iyayen da ke jin kunyarsa kuma, in sun yi magana a kaikaice ya ɗauke ta da nauyi, don iyakar ƙarfinsu ke nan. Autana yau magidanci ne, amma duk ɗari a zaune yake kwana saboda fuka. Yakan ce gado ya yi daga kakarsa. Har yau na kasa gaya masa cewa ba daga gare ta ya samu ba, daga gare ni ne.