Tandar Hajiya Ladi a Filin Tsere

Har gobe ban manta ranar da Faisal ya shigo warsharmu ta gyaran mota da ke Madinar Masana'antu da wata jar mota mai ƙofa biyu ba. Lokacin ban daɗe da zama mai kula da sashen birki ba, a ƙarƙashin Mu'allim Haruna, Allah ya jiƙansa. Mu duka ukun 'yan Karantina ne, unguwar Hausawa a nan ƙasar Larabawa. Faisal ɗan Hajiya Ladi mai masa ne, wadda babu yaron lungunmu da bai lashe yatsa a ƙofarta ba. Ya yi karatu, ya samu aiki mai kyau, amma a wurinmu ɗan Ladi ne har yanzu.

Ya ce ranar Asabar zai shiga filin tsere karo na farko. Ga waɗanda ba su sani ba, wannan ba gasa ba ce. Rana ce da ake buɗe filin ga masu motocin kansu, kowa ya taka iya son ransa. Sai dai kafin a bar ka ka shiga, akwai mai duba mota a bakin ƙofa, kuma ba ya jin magiya.

Muka fara aiki bi da bi. Na zubar da tsohon man birki na zuba mai jure zafi, na canza takalman birki, muka duba tayoyi, muka ɗaure kowane noti da ma'auni. Mu'allim ya sa Faisal ya gwada hular kwano, muka yi ta dariya don kansa ya taɓo rufin mota. Abu na ƙarshe shi ne kwashe kaya. Doka ce: duk abin da ba a ɗaure ba sai ya fita, har shimfiɗar ƙafa, domin idan ka taka birki a wannan gudun, ko kwalbar ruwa dutse take zama.

Da na buɗe but, sai na ga wani abu mai nauyi naɗe cikin tsohon zane. Tandar ƙarfe ce, baƙa ƙirin. Na gane ta tun kafin in gama warwarewa, har ƙamshin man gyaɗa na ji, kuma gaskiya zuciyata ta karye. Don in ɓoye hakan sai na tsokane shi, na ce ko masa zai soya wa masu tsere.

Bai yi dariya ba. Ya ce tun da aka rushe unguwarmu Hajiya ba ta sake hura wuta ba, gidan saman da ta koma ba wurin tanda ba ne. Ya yi mata alkawarin zai zagaya da ita bakin teku idan ya sayi motar, sai ta rasu kafin motar ta iso. Tun ranar tandar ke cikin but.

Na ce ya bar ta a wurinmu kwana ɗaya kawai.

Ya ce, "Halas, ya ammi," wato shi ke nan kawu, "idan za ta sauka, ni ma na fasa."

Ni a ganina taurin kai ne, na kuma faɗa masa. Mu'allim kuwa ya matso. Ya ɗaga tandar, ya juya ta, ya leƙa ramin safayar taya. Can ya ce mini dokar ba ta ce a fitar da komai ba, cewa ta yi kada a bar abin da zai motsa. Ya hana a huda tandar ko a kusanto da walda kusa da ita. Muka lanƙwasa ƙarfe biyu, muka sa musu roba, muka danne ta da su a ramin, muka ɗaure da manyan notuna. Rabin yini wannan aikin ya ci mana.

Ranar Asabar muka raka shi. Mai duba mota ya bi birki da tayoyi, ya buɗe but, ya tsaya. Ya kama tandar da hannu biyu ya jijjiga, motar ce gaba ɗaya ta girgiza. Ya tambaya da Larabci wane sashe ne wannan na mota.

Mu'allim ya ce, "Wannan ce ta yi direban."

Mutumin ya dubi Faisal, ya rufe but a hankali, ya ce yalla, wato ya shiga.

Faisal bai yi wani gudun a-zo-a-gani ba, kusan kowa ya wuce shi. Amma duk zagayen da ya yi, ni da Mu'allim muna tsaye jikin shinge muna kallon Hajiya Ladi tana wucewa.

Shi ya sa nake hana ku, yaran warsha, jefa kayan mutane cikin kwali ba tambaya. Aikinmu ɗaure abu ne don kada ya cutar da mai shi. Kafin ka ce wa mutum ya sauke kaya, ka fara tambayarsa na wane ne.