Ɗan Hajiya Mai Yaƙin Haya

Shekarar da aka rushe unguwar Karantina a Jidda, wata tsohuwa ta tare a ɗakin da ke ƙasan namu a unguwar Bani Malik. Bahaushiya ce haifaffiyar Sudan, ta zo aikin Hajji tun da sauran ƙarfinta, ta zauna. Ni kuwa kwangila ce ta kawo ni Jidda, ina gyaran injinan ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa. Matata ce ta fara sabawa da ita, kafin a jima ta zama kamar uwa a gare mu. Hajiya muke ce mata.

'Ya'yanta maza biyu a Sudan suka tashi, a hannun ƙaninta. Babbansu sojan gwamnati ne. Ƙaramin yana cikin wata runduna daban, wadda shugabanta ke ba da hayar mayaƙansa ga duk mai bukata. A lokacin an kawo su nan ƙasar da muke zaune, iyakarta ta kudu, inda ake yaƙi.

Ana saura 'yan watanni azumi ƙaramin ya sami hutu ya zo umara. Muka gayyace su cin abinci bayan magariba. Dogo ne siriri, mai ladabi, sai dai bai yarda ya zauna ya ba ƙofa baya ba. Da wata mota ta yi ƙara a titi, sai na ga hannunsa ya tsaya cak a cikin kwano.

Don in ja shi da hira na ce, "Na ji ana cewa za a haɗe ku da sojan gwamnati."

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Wa zai shiga ƙarƙashin wa, Malam? Manyan hafsoshinsu suna zaune a ofis cikin sanyi, mu muke kwana a rami. Maigidanmu ya ce ya gama sara wa kowa."

Hajiya ta ajiye cokali. "To yayanka fa?"

"Ki ce masa ya nemi hutu kafin azumi, Inna. Ya zo umara. Idan ya zo, kada ya yi saurin komawa."

"Me zai faru da azumi?"

"Ni ban ce komai ba. Halas, shi ke nan."

Ba wanda ya ƙara loma. Washegari ya tafi.

Hajiya ta kira babban a gabana. Ya ce an hana kowa hutu. Ya ce motocin waccan rundunar sun cika bakin filin jirgin sama, kowa yana ganinsu, amma shugabanninsu na soja sun rabu biyu, wasu na cewa a far musu tun da wuri, wasu na cewa a lallaɓa. "Mu dai an ce mu jira, Inna," in ji shi.

Cikin azumi aka fara harbe-harbe a Khartum.

Ba a daɗe ba jiragen ruwa suka fara shigowa tasharmu da masu gudun yaƙi. Daga saman injin da nake gyara ina hango su suna saukowa, mata da yara da tsofaffi a keken marasa lafiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirunsu. Taro mai yawa haka, amma ba hayaniya. Kullum na dawo gida Hajiya tana bakin ƙofa, ni kuma ina girgiza mata kai, alamar ban ga 'ya'yanta ba.

Daga baya matar ƙanin nata ta iso da 'ya'yanta, ta sauka wurinta. Ita ta ba mu labari. Ta ce mayaƙan haya sun shigo unguwarsu gida gida, kuma wanda ya buga musu ƙofa ɗan Hajiya ne, da rawani ya rufe rabin fuska. Bai bari an taɓa su ba. Shi ya raka su har suka wuce shingayen hanya. Amma kafin su rabu ya tambayi kawunsa a wane bariki yayansa yake. Kawun ya ƙi faɗa.

"Don ya cece shi ya tambaya, ko don me?" in ji Hajiya.

Matar ta ce, "Wallahi, Yaya, ban iya karanta fuskarsa ba."

Watanni suka wuce, wayar babban a kashe. Wata rana da la'asar ina gyara wa Hajiya na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙaramin ya kira. Kunnenta ya yi nauyi, don haka ta buɗe muryar, ina ji. Ya ce kwamandansu ya ɓata da maigidan, ya janye mutanensa ya yi yamma, yanzu su da abokan jiya suke farautar juna. Ya tambaya ko zai sami wurin kwana a Jidda in ya samu ya tsallako.

Hajiya ta ce, "Ina yayanka?"

Muka ji rurin mota kawai, da muryoyin maza daga nesa.

"Barikinsu mu muka shiga, Inna. Amma ban gan shi ba. Na duba, ban gan shi ba."

Layin ya yanke. Ta riƙe wayar tana kallonta, sannan ta ce in ƙarasa aikina, zafi ya yi yawa.

Bai tsallako ba, bai kuma sake kira ba. Har kwangilata ta ƙare muka koma gida, ba labarin ko ɗaya daga cikinsu. Matata tana kiranta duk Juma'a, sai dai Hajiya ba ta bari hirar ta yi tsawo, wai kada wani ya kira ya tarar layin a cike.