Layin da na sa jikata ta ƙara

Shekara talatin na yi ina rubuta manhajar kwamfuta da harshen C, a Abidjan, a Jidda, daga baya a Hamburg. Ko'ina tarbiyyar ɗaya ce, Jamusawa dai sun fi tsanantawa: duk abin da ka ɗauka a ƙwaƙwalwar na'ura, kai za ka sake shi da hannunka. Da wannan ɗabi'a na dawo gida Zangon Kumasi na zauna.

Wata Asabar da hantsi jikata, wadda ke karatu a jami'a, ta zo daga Ayigya da kwamfutarta. Litinin za ta nuna wa malaminta aikin kammala karatu, manhajar taswirar tashoshin trotro, ƙananan motocin hayar nan. Da harshen Python ta rubuta, amma ɓangaren da ke bukatar sauri ta yi shi da C. Kowace tasha tana ajiye ta a abin da suke kira tuple: ɗan ƙunshi mai gurabe ƙidayayyu, ana cika shi tun yana sabo, da zarar an miƙa shi ba a ƙara taɓa cikinsa. Na ce mata haka mahaifina ke ɗaure huhun goro, ta ce ita ba ta san zamanin ba.

Na duba aikin, na ga tana saka sunan tasha a gurbi ba ta sake shi ba. Na yi mata faɗan ƙazanta, na sa ta ƙara layi guda da zai riƙa sakin sunan. Manhajar da ke tafiya lafiya ta fara mutuwa, wani lokaci a tashar Manhyia, wani lokaci sai ta kai Atonsu. Har azahar muna nema, ni ina zargin komai ban da layina.

Ita ta koma ta karanta bayanin harshen a nutse, sannan ta juyo da kwamfutar.

"Tsoho, in ka saka abu a ƙunshin, ya tashi daga hannunka. Ƙunshin ne zai sake shi. Kai ka sa mun saki abin da ba namu ba."

Na ce a Hamburg ba haka ake yi ba.

"To nan Zango ne, angona. Goge."

Da yatsana na goge. Muka bi tashoshin tun daga farko har ƙarshe sau uku, manhajar ba ta mutu ba. Jikata ta ci wake da shinkafar kakarta a tsaye, ta fita neman mota. Ran Litinin da la'asar ta kira ta ce malamin ya karɓi aikin, wai har ya yaba da tsabtarsa.